Gona a Cikin Ganuwa: Waiwaye a Kan Noma da Tsarin Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gaban jami'in filaye aka shimfiɗa masa taswirar gari a kan tebur, ya san matsayin gona a irin wannan takarda. Gidaje suna da launinsu, kasuwa da masana'antu da makarantu kowanne da nasa, amma inda talaka yake shuka dawa ko alayyafo, sau da yawa sai a nuna shi da yatsa a ce, "nan fili ne." A bakin ma'aikacin zamani, fili shi ne wurin da bai zama komai ba tukuna, yana jiran ranar da za a yanka shi fuloti-fuloti. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne cewa wannan fahimta baƙuwa ce a ƙasar Hausa, shekarunta ba su fi ɗari da 'yan kai ba. Magabatan da suka gina manyan biranenmu sun ɗauki gona a matsayin gaɓa daga gaɓoɓin birni, kamar yadda suka ɗauki fada da kasuwa da masallaci. Mun zaɓi Kano domin ita ce aka fi rubuta tarihinta, kuma a cikinta ne sauyin ya fi bayyana.

Abin da ganuwa ta kewaye

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, wanda kuma ɗalibanmu suka sani a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu, wanda ake ƙiyasta mulkinsa tsakanin 1095 da 1134, ya ce ɗansa Tsaraki ne ya kammala. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki (1618-1623) ya sake faɗaɗawa. Masana suna da ja game da ingancin shekarun farkon nan, amma wannan muhawara ce ta wata rana. Abin lura a nan shi ne, bayan waɗannan ƙare-ƙare an sami ganuwa wadda ta zarce inda gidaje suka tsaya da nisan gaske. Ta haɗiye Dala da Goron Dutse, ta haɗiye fadamar Jakara, ta kuma haɗiye gonaki masu ɗimbin yawa.

Baƙi biyu da suka ga garin a ƙarni na 19 sun bar mana shaida. Hugh Clapperton, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdullahi, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 15, mazauna garin tsakanin dubu 30 da dubu 40, ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Bayan shekara 27, a Fabrairun 1851, zamanin Sarki Usman, Bajamushen nan Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya hau Dala ya dubi garin. Shi ma ya ƙiyasta mazauna dubu 30, ya ce adadin yakan ninka da rani idan fatake suka sauka. A taswirar da ya zana, gidaje sun taru a kudu da gabas, arewa da yamma kuwa shuka ce da itatuwa. Ya ga irin wannan a Katsina ma, ko da yake a can yaƙe-yaƙe da ƙaurar fatake zuwa Kano sun taimaka wajen rage jama'a.

Me zai sa mutane su yi wahalar kwaɓa ƙasa su kewaye dajin da ba su zauna a cikinsa ba? Ganuwa aikin gayya ce mai cin rai, kuma kowace damina sai ta nemi gyara, don haka ba za a ƙara mata taku ɗaya a banza ba. Amsar tana cikin yanayin yaƙin wancan zamani. Idan aka ji ƙarar tambarin abokan gaba, ko Kwararrafa ne a ƙarni na 17, ko Katsinawa, ko mahara daga Maraɗi da Ningi da Damagaram a ƙarni na 19, mutanen karkara sukan kwaso iyali da dabbobi da damman hatsi su shigo birni a rufe ƙofofi. Waɗannan baƙi suna bukatar inda za su yada zango, dabbobinsu suna bukatar ciyawa da ruwa. Rundunar da ta yi wa gari ƙawanya tana jira ne yunwa ta buɗe mata ƙofa, garin da yake da gona da rijiya da fadama a cikinsa kuwa ya fi ta iya jira. Gaskiya ne ganuwar ba kullum ta tare abokan gaba ba, domin Kwararrafa sun taɓa shiga garin. Haka nan kuma kada mu zaƙe mu ce gonakin cikin ganuwa su ne suke ciyar da mutum dubu 30 daga kaka zuwa kaka. Hatsin Kano daga karkara yake zuwa tun fil azal. Gonar cikin birni ajiya ce don ranar tsanani, kuma a ranakun lafiya ita take ba da kayan miya, da ciyawar doki, da baba na marina, da lalle, da taba.

Mu da sana'armu ita ce harshe da adabi muna da wata shaidar wadda ba ta bukatar Bature ya tabbatar mana da ita, wato sunayen unguwanni. Kasuwar Kurmi ta ci sunan kurmin da yake bakin Jakara. A cikin birni akwai Durumin Iya da Durumin Zungura da Rimin Kira. A bayan ganuwa akwai Ɗorayi, wato jam'in ɗorawa, da Kurna, da Rijiyar Lemo, da Rimin Kebe, da Gandun Albasa. Yaron da aka haifa a Gandun Albasa a yau zai iya girma har ya yi iyali bai taɓa ganin an tuge albasa ɗaya daga ƙasar unguwarsu ba, amma kullum yana rubuta sunan a takardar makaranta. Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan kalmar gandu, domin fuska biyu gare ta. Akwai gandun gida, inda maigida da 'ya'yansa da ƙannensa suke noma tare. Akwai kuma gandun sarki da na manyan hakimai, irin na Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa, waɗanda bayi suke nomawa. Wani kaso na korewar da ta kewaye Kano a ƙarni na 19 gumin mutanen da aka kamo ne, kuma mai yabon tsarin jiya tilas ne ya faɗi wannan tare da yabon.

Sa'an nan akwai kududdufai. Duk ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa da ita a cikin gari aka haƙa ta, ramukan da suka rage suka zama matattarar ruwan sama. Suna shanye ambaliya da damina, da rani kuma magina da masu dabbobi da masu garka suna ɗiba. Illarsu ma ba ɓoyayya ba ce. Clapperton da Barth duk sun koka da wari da zazzaɓin da suke fitowa daga ruwan da ya kwanta a tsakiyar gari, kuma ba ƙarya suka yi ba.

Jaki da mangala

A ganinmu, abin da ya fi ganuwa ban sha'awa a tarihin nan shi ne cinikin da yake gudana ta ƙofofinta kowace safiya. Gidan Bakano na da bai rasa turke. Akwai tumaki da awaki da kaji, akwai jakunan fatake, akwai dawakin sarauta. Kashinsu, da tokar murhu, da sharar tsakar gida, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, duk a juji suke taruwa. Idan rani ya yi, manoman ƙauyukan da suke kewaye da birni sukan shigo da sassafe, jakunansu ɗauke da itace da kara da harawa da hatsi. In sun sayar, sai su cika mangala da takin juji su koma. A gona a jibge shi tsibi-tsibi, a jira gab da saukar ruwan fari a baza.

Wannan zirga-zirga ita ta haifar da abin da masana ilimin ƙasa suka daɗe suna mamakinsa. A yawancin ƙasashen da suke da irin ruwan saman Kano da irin jigawarta, manomi yakan noma gona 'yan shekaru ya bar ta saura ta huta. A kewayen Kano kuwa ana noma gona ɗaya kowace shekara, kaka da kakanni, ba ta mutu ba. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya ko a maƙwabtan kunyoyi. Ana barin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Gawo ma abin al'ajabi ne, yana zubar da ganye da damina lokacin da shuka take son rana, ya yi kore da rani lokacin da dabba take neman inuwa da abinci. Harawar wake da ta gyaɗa ta tafi birni ta ciyar da ragon layya, ragon ya mayar da ita taki, jaki ya dawo da takin gonar da harawar ta fito. Ba sarkin da ya kafa wannan da doka. Kowa ribarsa yake nema, mai gida yana son a kwashe masa juji, manomi yana son amfani, amma sakamakon shi ne gari wanda sharar cikinsa take komawa abinci.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara wallafa bincikensa a kan wannan yanki tare da J. Wilson a 1965, kuma ya ci gaba da nazarinsa har ƙarshen rayuwarsa a 2017. Har ƙidayar jakunan da suke shiga da fita ta hanyoyin Kano ya yi. Hujjar da ya kafa da ita ta ci karo da ra'ayin da ya yi ƙarfi a lokacin, cewa yawan jama'a dole ne ya kashe ƙasa ya jawo hamada. A kewayen Kano yawan hannu ne ya rayar da ƙasar. Polly Hill kuma ta yi nata binciken a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta wallafa shi a 1977, ta nuna ɗaya fuskar, wato ƙanƙancewar gonaki saboda rabon gado da talaucin waɗanda ba su da jaki ko kuɗin taki. Ɗorayin da ta kira ƙauye, yau unguwa ce a tsakiyar cunkoso.

Iyakar wannan da'ira ita ce ƙafar jaki. Inda zai iya zuwa ya dawo a yini ɗaya, nan takin birni yake kaiwa. Ba Kano kaɗai ta san irin wannan ba. Masu lambun birnin Paris a ƙarni na 19 da kashin dawakin da suke jan kekunan garin suke noma kayan marmari har cikin sanyin hunturu, kuma zuwan mota ya karya sana'arsu.

Daga 1903

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari. A wannan shekarar ce kuma aka kafa garin Letchworth a Ingila, na farko da aka gina bisa ra'ayin Ebenezer Howard na "birnin lambu". A littafinsa na 1898, Howard ya zana gari mai mutum dubu 32 a kan eka dubu 6, ya ware eka dubu 5 daga ciki don noma, ya kuma so a riƙa mayar da sharar garin gonakin da suke kewaye da shi. Ba mu ce ya san Kano ba. Amma mai karatu zai ga cewa abin da masu gyaran birane a Ingila suke mafarkinsa a takarda, sojojin ƙasarsu sun same shi a tsaye da ƙafafunsa, kusan da adadin mutanensa, ba su gane shi ba.

Turawa ba su rushe tsohon birni ba. Sun bar shi a hannun Sarki da En'e, suka kafa sabuwar Kano a gabas da ganuwa, wato Nassarawa da Bompai, da Sabon Gari a 1913, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa. Sauyin da suka kawo ya fi ƙarfi a tunani da doka. Da yaƙi ya ƙare, hujjar ajiye gona a cikin ganuwa ta faɗi. Dokar filaye ta 1910 ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon gwamna. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar tazarar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, don tsoron cutar da sauro yake ɗaukowa, kuma a garuruwa da dama irin waɗannan wurare suka koma filin sukuwa da na folo da na golf. Daga nan kore ya tashi daga abin ci ya koma abin kallo. Shi kuwa duba-gari, da ya dubi juji da kududdufi da turke, cuta kawai ya gani. Rabin abin da ya gani gaskiya ne, sai dai ba a koya masa ganin ɗaya rabin ba.

Duk da haka tsarin jaki da mangala ya rayu har bayan mulkin kai, domin garin bai kumbura ba tukuna. A ƙidayar 1952 mutanen Kano kimanin dubu 130 ne. An ɗauko B. A. W. Trevallion ya tsara yadda garin zai bunƙasa daga 1963 zuwa 1983, amma abubuwa suka taho a guje, suka tsere wa tsarin. Kano ta zama hedikwatar jiha a 1967, kuɗin man fetur ya shigo, farin 1972 zuwa 1974 ya koro mutane daga karkara. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin suna da mutum kimanin miliyan 2.8.

Shekaru biyu sun cancanci a jera su. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira a rediyo cewa kowa ya shuka wani abu a bayan gidansa, makarantu da barikoki su yi gona. A 1978 gwamnatin nan dai ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen birane ga gwamna, ta kuma tanadi cewa idan aka karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da gini za a biya, ƙasar kanta ba ta da diyya. Manomin bakin gari ya fahimci saƙon sarai. Tun da ana iya karɓe gonar a ba shi kuɗin dawar shekara ɗaya, gara ya riga hukuma, ya kira dillali a ja igiya a yanka masa ita ya sayar. Unguwannin awon igiya da suka kewaye Kano, masu lungun da mota ba ta shiga, ba magudana, ba filin makaranta, akasarinsu gonakin da Mortimore ya auna ne.

Takin ma ya lalace. Takin zamani mai rangwamen gwamnati ya rage wa na juji daraja a shekarun 1970. Da tsada ta zo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, manoma suka waiwayi bolar birni, yanzu a tifa ake kai musu, amma suka tarar ta canja. Leda ce, da fasassun kwalabe, da mataccen batir, da allurar asibiti. Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1980 mun riski jerin jakuna da mangala suna fita ta ƙofar gari da hantsi. Abin da 'ya'yanmu suke gani a gonakin bakin hanya shi ne leda tana kaɗawa a jikin kututturen dawa.

Ruwan Jakara

Noma bai bar Kano ba, matsawa ya yi zuwa inda ba a iya gini. Jakara tana fita daga birni ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da rafin Getsi, ta zube a madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A gefenta, a wurare irin su Ƙofar Ruwa da Kwakwaci, masu lambu sun daɗe suna noma latas da alayyafo da kabeji da karas da albasa. Da jigo ake ban ruwa a da, daga shekarun 1980 ƙananan injuna suka maye gurbinsa. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Da rani, abin da yake gudana a Jakara ruwan kwatamin gidaje ne da na mayanka, Getsi kuma tana kawo na masana'antun Bompai, har da na majemu masu aiki da sinadarin kuromiyam. Binciken da malaman Jami'ar Bayero, irin su E. A. Olofin da A. I. Tanko, suka yi tare da abokan aikinsu na Ingila a farkon shekarun 2000 ya nuna abu biyu da suke damun waɗannan manoma, wato gurɓatar ruwan da rashin tabbas a kan ƙasar da suke nomawa.

Idan maganar ta taso a jarida, mai lambu ake zargi, alhali shi a ƙarshen kwari yake, abin da aka zubo daga sama shi yake tara. A 2013 gwamnatin jiha ta fara aikin rufe wani sashe na Jakara da kankare a shimfiɗa titi a kai. Ga maƙwabtan kwarin da suka sha wari da sauro, wannan sauƙi ne da ba za a raina ba. Sai dai ruwa ba ya tsarkaka don an rufe shi, yadda ya shiga haka zai fita ya iske mai latas. Kududdufan cikin gari kuma an cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan watan Agusta da suke shanyewa ya koma bin tituna da ɗakunan mutane.

Akwai garin da ya bi wata hanyar. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, Kyuba ta rasa mai da taki da abincin da take shigowa da shi, yunwa ta kama Havana. Hukuma ta raba wa mutane kangwaye da filayen cikin gari, ta buɗe ofishin noman birni, ta sa malaman gona, ta yarda a sayar da amfanin a bakin lambu. Manoman Havana ba su fi na Ƙofar Ruwa iya aiki ba, abin da suka fi su da shi takarda ce da take cewa wannan wuri lambu ne.

Mu da neman ilimi ya kawo mu nesa da gida muna ganin ci gaban wannan labari a duk inda muka juya. A Jos 'yan uwanmu suna ban ruwa da tafkunan da haƙar kuza ta bari, suna sayen tokar bolar gari su zuba a fangali, kamar dai yadda kakanninsu suka yi da mangala. A Legas da Ibadan suna noma a bakin rafuka, da ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da gefen layin dogo, da bayan katangar barikoki da makarantu. Mai son ya san matsayinsu a wurin hukuma, ya dubi abin da suke shukawa. Alayyafo ne, mai isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, da latas mai kai wata ɗaya da rabi. Manomin Ɗorayi na 1900 yana renon ɗorawar da jikansa ne zai ci kalwarta. Mai lambun bakin rafi a yau ko mangwaro ba ya dasawa, domin bai san ranar da mai awo zai iso da turakunsa ba.